Kada a kwance doki daga turke sai kuɗi sun zauna a asusu

Ana saura kwana goma Babbar Sallah, da la'asar sakaliya, wata a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gidan yayata a Sanyinna, cikin ƙaramar hukumar Tambuwal ta jihar Sakkwato. Doki ta zo ɗauka. Akawal ne, mijinta ya saye shi tun yana duƙushi, suka yi shekara uku suna ɗawainiyarsa. Ɗansu ne ya ɗauki bidiyonsa ya ɗora a Facebook, wani mutum ya kira ya ce daga Kano yake, hawan Sallah zai yi da shi. Aka yi ciniki ta waya a kan naira miliyan biyu da dubu ɗari biyu, bai ko nemi ragi ba.

Direba na sauke igiya sai wayar maigidan ta yi ƙara. Ga saƙo da sunan banki, ga kuɗin cif-cif. Ya yi hamdala ya nufi turke. Yayata na tsaye bakin zaure, ta ce, "Malam, a dakata tukuna. Bari yaron nan ya duba mana abin da ke cikin asusun." Yaron ya danna lambar bankin, ya sa lambar sirri. Abin da ke ciki tun safe shi ne dai a ciki, ko kobo bai ƙaru ba.

Aka kira mai sayen. Ya ce matsalar netwok ce, kuɗi na hanya, a yi wa Allah a saki mota kada dare ya yi mata. Yayata ta ce a gaya masa akwai tuwo, akwai shimfiɗa, direba ya kwana, da kuɗi sun shigo ko da asuba ne sai a ɗora doki. Kafin sallar isha'i lambar mutumin ta daina shiga. Shi kuwa direban, ashe a tasha aka ɗauko shi haya, bai taɓa ganin wanda ya aiko shi ba.

Me ya kawo uwa cikin cinikin doki?

Wata za ta ce ai wannan harkar maza ce. A kasuwa, haka ne. Amma ki duba cikin gida. Wa ke jiƙa dusa? Geron wa ake ɗiba daga rumbu? Sau nawa kuɗin adashi ya tafi sayen harawa da kanwa da maganin tsutsa? A gidaje da yawa na ƙasar Tambuwal da Kebbe, dabbar da ke turke ita ce asusun iyali, doki ne, sa ne ko ragon kiwo. Kuɗin wancan akawal an riga an raba su a baki tun kafin a sayar: kayan ɗakin 'yarsu, kuɗin makarantar ƙannenta, da takin damina. Da motar ta tashi a ranar, da wahalar shekara uku ta bi ta.

Ga kuma wani dalili. Sau da yawa maigida ƙaramar waya yake riƙewa, babbar tana hannun uwargida ko 'ya'yanta. Su ke ɗaukar bidiyo, su ke amsa saƙon WhatsApp, wani lokaci ma lambar asusunsu ake bayarwa. To kin ga kina cikin cinikin, ko an sa da ke ko ba a sa ba.

Yadda ciniki ya koma waya

A da, mai son doki shi ke zuwa ko ya aiko amintaccensa. A duba haƙora, a ɗaga kofato, a hau a sukwane shi, dillali ya shiga tsakani har a ce an sallama, a ƙirga kuɗi a gaban shaidu, a fitar da la'ada. Yanzu bidiyon minti ɗaya ya isa ya kai labarin doki Kano, Katsina, Zariya ko Bida, har Ilorin da Ijebu-Ode, inda ake hawan Ojude Oba bayan Babbar Sallah. A watan Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan dabar Kano cikin jerin al'adun gado na duniya. Doki mai kyau yana da masu nema, kuma yawancinsu nesa suke.

Biyan kuɗi ma ya sauya. Tun da aka sauya fasalin takardun naira 200, 500 da 1,000 a ƙarshen 2022, aka shiga ƙarancin tsabar kuɗi a farkon 2023, mutanen karkara da yawa suka koma taransifa ba shiri. An koyi karɓar kuɗi ta waya, amma ba kowa ya koyi tantance su ba. Nan 'yan damfara suka samu ƙofa.

Dabarun da suke zuwa da su

Ta farko ita ce wadda aka gwada a gidan yayata, alat na bogi. Ki sani, alat saƙon tes ne kawai, kuma akwai hanyoyin tura tes ya fito da sunan da aka ga dama. Haka ma hoton rasit da ake turowa ta WhatsApp, yaro mai wayo zai gyara shi cikin 'yan mintuna. Kuɗin gaske tsakanin bankunan Najeriya ta na'urar kamfanin NIBSS suke bi, kuma galibi nan take suke shiga. Ana samun jinkiri na gaskiya, ba a musu. Amma idan jinkirin na gaskiya ne, jira ba zai ci muku komai ba sai harawar dare ɗaya.

Ta biyu, a ce an yi kuskure an turo fiye da kuɗin ciniki. "Don Allah ku ba direba rarar dubu ɗari uku, ko ku mayar ta wannan asusun." Ba abin da ya shigo tun farko, sai a yi asarar doki, a haɗa da kuɗin aljihu.

Ta uku ta fi wuyar ganewa, don kuɗin gaske ne ke shigowa, amma da sunan wani daban. Mai yiwuwa daga asusun da aka yi wa kutse suka fito, ko na wani da aka damfara. Ranar da mai kuɗin ya kai ƙara, banki na iya rufe asusunku har a gama bincike, doki kuma ya daɗe da tafiya. Akwai kuma mai sace bidiyon dokinku ya tallata shi a matsayin nasa, ya karɓi kuɗin wani bawan Allah, ya turo shi ƙofar gidanku ɗaukar doki.

Ta huɗu, a kira a ce daga banki ne, kuɗin sun maƙale, a karanto lambar da aka turo yanzu don a sake su. Babu bankin da ke neman lambar sirri, ko lambar OTP, ko lambobin jikin katin ATM kafin kuɗi su shigo. Mai turo muku kuɗi, lambar asusu mai lamba 10 da sunan banki kaɗai yake bukata.

Duk dabarun nan abu ɗaya ya haɗa su: gaggawa. Dare zai yi, direba na da wani lodi, Alhaji zai shiga jirgi. Idan kika ga mai saye bai taya ba, bai tambayi shekarun dokin ba, bai damu da ko yana ɗingishi ba, shi dai a ɗora a mota, to ba doki ne ya burge shi ba.

Abin da za a shirya kafin mota ta iso

A fara da asusun. Ƙananan asusu na matakin farko, irin waɗanda ake buɗewa a waya ko wajen mai POS, ƙa'idar Babban Bankin Najeriya ba ta yarda abin da ke cikinsu ya wuce naira 300,000 ba. Kuɗin doki ba za su zauna a irinsa lafiya ba. Tun kafin a sa doki a kasuwa, a je banki da BVN da NIN a ɗaga matakin asusun. Kuma ya zama da sunan mai dokin ko matarsa. Karɓa ta asusun mai POS ko na maƙwabci yana jawo rigimar da ba takardar da za ta raba.

A nemi cikakken sunan mai saye tun farko, a gaya masa daga asusun da ke ɗauke da wannan sunan kaɗai za a karɓi kuɗi. A yi kiran bidiyo, ku ga fuskarsa, shi ma ya ga dokin yana tafiya. A tambaye shi wa ya sani a Tambuwal, Sakkwato, Jega ko Argungu. Masu harkar dawaki sun san juna, mai saye na gaskiya ba ya rasa wanda zai tsaya masa.

Idan an ce an turo, ku duba da hannunku a wayarku, ta manhajar banki ko ta lambar USSD ta bankin. Ki san abin da ke ciki kafin, ki ga abin da ya koma bayan. Kada ku duba a wayar direba, kada ku bi wani adireshin intanet da aka turo. Idan netwok ya ƙi a gida, a tura yaro inda yake kamawa, doki na nan a turkensa. Cek kuwa takarda ce har ranar da banki ya ce kuɗin sun shiga.

Mai son biya da tsaba, a haɗu da shi a banki, a zuba a asusu a gaban ma'aikaci. An huta da jabun kuɗi, an huta da kwana da miliyoyi a ɗaki a irin wannan zamani. Dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ma ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 ba ta hanyar banki ba. Sannan a ja wa yara kunne, kada a yi shelar nawa aka sayar.

Mai saye ma yana da haƙƙi

Shi ma tsoro yake ji, don ba a cinikin biri a sama. Mafita ita ce tsohuwar hanyar iyayenmu: ya aiko wakili. Wakilin ya duba dokin, ya kira ubangidansa, a tura kuɗi yana tsaye, ku tabbatar, a miƙa masa ragama. Idan sai an ajiye masa dokin na wasu kwanaki, ya ba da kafin alƙalami, a faɗi ranar cikawa, a faɗi makomar kuɗin idan ya fasa.

A rubuta takarda, ko da a fallen littafin makaranta ne: sunayen mai sayarwa da mai saye, launin dokin da alamominsa, kuɗin, la'adar dillali, wanda zai biya mota, da wanda asara ke kansa idan wani abu ya samu dokin a hanya. Shaidu biyu su sa hannu, mai unguwa ya sani. A ɗauki hoton takardar, da lambar motar, da direban. Takardar za ta taimaki direban ma a shingayen jami'an tsaro, kada a zaci dabbar sata ya ɗauko. Ba baƙon abu ba ne a wurinmu, aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta yi umarni da rubuta bashi da kafa shaidu a ciniki. Duk wani aibi da dokin ke da shi kuma a faɗe shi, don kuɗin su yi albarka.

Idan an riga an faɗa

Kada kunya ta sa a yi shiru. A ajiye saƙonnin, da lambobin waya, da lambar mota, kada a goge komai. A kai rahoto ofishin 'yan sanda nan take, a sanar da dillalan dawaki na kasuwannin kusa, don dokin da aka san kamanninsa yana da wuyar ɓoyewa. Idan kuɗi sun fita daga asusunku, a sanar da banki a ranar, a karɓi lambar ƙorafi. Idan mako biyu ya wuce ba a warware ba, ana iya kai kuka sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Banki. Hukumar EFCC ma tana da ofishi a Sakkwato.

Akawal ɗin yayata bai yi hawan Sallah a Kano ba. Bayan Sallah wani ya aiko ƙaninsa tare da dillalin da mijinta ya sani, suka taya ƙasa da farashin farko da dubu ɗari uku. Aka zauna a zaure, aka tura kuɗi, yaron ya duba sau biyu, ya miƙa wa uwarsa wayar ta gani da idonta. Sannan maigidan ya tashi ya kwance igiya.