Yaƙin Lugu na 1899: Abin da Ya Tabbata da Abin da Aka Ƙara

Sunan Sarauniya Mangu ya cika Nijar. Akwai gidan rediyo mai sunanta a Yamai, hukumomin soja sun sa wa wata lambar girma sunanta, yara kuma suna jin labarinta tun suna ƙanana. Sai dai labarin da ke yawo a Facebook da WhatsApp ya cuɗe da ƙari, har ana cewa ita ta kashe Kaftin Voulet da hannunta, ta kori Faransawa daga ƙasar Arewa, inda garinta Lugu yake. Wasu kuma, don su nuna sun yi karatu, sai su ce ai marubuci ne ya ƙirƙiro ta. Duka biyun kuskure ne.

Yaƙin dai an yi shi. Ranar 16 ga Afrilu 1899 ayarin Kaftin Paul Voulet da Kaftin Julien Chanoine, wanda Faransa ta tura ya kai Tafkin Chadi, ya auka wa Lugu. Tun a Janairu suka yi kisan gilla a Sansane Hausa a bakin kogin Kwara, labarinsu kuwa ya riga su isowa, shi ya sa garuruwa da yawa suka watse ko suka miƙa hatsi da dabbobi. Azna na Lugu, masu bin addinin gargajiya, sun ƙi. Maharba suka janye cikin kurmin da ke daf da gari, inda ƙaya ta yi kauri har doki ba ya ratsawa, suka riƙa harbi da kibiya mai dafi. Ta lissafin Faransawa da kansu, an kashe musu mutum 4, an raunata 6, sun kuma ƙona dubban harsasai. Wannan lissafi ya fito daga bakin maƙiyi, wanda ba shi da wata riba a kambama mutanen Lugu.

Su wa suka ba da shaida? Laftanar Paul Joalland, mai kula da igwa a ayarin, ya fitar da littafinsa kan tafiyar ayarin a 1930, shekara talatin da ɗaya bayan yaƙin, lokacin da yake da buƙatar wanke sunansa. Ɗan abin da ya faɗa a kan Mangu cike yake da raini, yana kwatanta ta da tsohuwar mai tsafi wadda ta aiko musu da saƙon ƙin yarda. Akwai rahotannin ayarin da ke ajiye a Aix-en-Provence a Faransa. Sannan akwai bakin mutanen Lugu da maƙwabciyarta Bagaji, wanda masu bincike irin su Boubé Namaïwa da Antoinette Tidjani Alou da Elara Bertho suka yi aiki a kansa. Ni a ganina wannan na ƙarshe bai kamata a ajiye shi ƙasa da takardar soja ba don kawai ba a rubuce ya zo ba. Wanda aka ƙona wa rumbu ya fi wanda ya riƙe wutar tuna ranar.

Maganar cewa an ƙirƙiro ta, ke nan, ta faɗi. Abin da marubuci Abdoulaye Mamani ya yi a littafinsa na 1980 shi ne sake mata kama. Ya mai da ita matashiya jaruma mai jan rundunar mayaƙa, Med Hondo kuma ya ɗora a fim ɗinsa na 1986, wanda aka ɗauka a Burkina Faso, ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na FESPACO a 1987. Hoton da ake yawan yaɗawa a ce ga Mangu, sau da yawa fuskar Aï Keïta ce, ƴar wasan da ta fito a matsayinta. Mamani bai yi laifi ba, ƙagaggen labari ya rubuta, kuma shi ya fito da sunan daga Arewa ya kai shi duniya. Matsalar ita ce a ɗauki littafinsa a matsayin shaidar gani da ido.

A Lugu, Sarauniya sarauta ce da aka gada tun kafin Mangu, aka kuma ci gaba da ita bayanta. Tarihin baka yana cewa ta farko daga Daura ta taso. Mai riƙe da sarautar tana zaune ne a keɓe cikin ɗakinta, sanye da farin saƙi, tana kaɗa auduga, mutane na zuwa neman albarka da roƙon ruwa. Idan ta rasu, ta hanyar tarkama ake gane magajiya: a ɗauki gawar, inda ta nufa nan sarautar ta faɗa. Kusa da garin akwai dutsen Tunguma, wanda ake kai wa ƙara ya raba gardama. Wanda ya san wannan zai gane cewa ƙarfin Mangu yana cikin maganarta ne. Ta ce ba za a miƙa wuya ba, maza masu baka da kwari suka tsaya a kan haka, alhali sun san abin da ya sami waɗanda suka gabace su. Batun rikiɗewarta ta zama damisa kuwa, wannan imani ne na masu shi, ba abu ne da takarda za ta tabbatar ko ta ƙaryata ba.

Shin ta ci yaƙin? An shiga garin, an ƙone shi, an kashe mutane. Amma ba a kama ta ba, ba ta kuma yi mubaya'a ba, mutanenta suka dawo suka sake gini. Ayarin ya wuce gabas da ƙarfinsa, a farkon Mayu ya yi wa Birnin Ƙonni kisan da ya fi kowanne muni a tafiyar. Duk mai cewa an karya Faransawa a Lugu, ya manta da matattun Ƙonni ne.

Mutuwar Voulet ma a sarari take. Wasiƙar da Laftanar Peteau, wanda aka kora daga ayarin, ya aika wa budurwarsa ita ta tona asirin ta'asar ayarin a Faris. Aka turo Laftanar Kanar Klobb ya bi sawunsu. Littafin tafiyarsa ya ambaci garuruwan da suka zama toka da ƙananan ƴan mata da aka rataye a bishiya a Koran Kalgo. Ranar 14 ga Yuli Voulet ya sa aka harbe Klobb a Dankori, kusa da Tasawa. Ranar 16 sojojinsu baƙar fata suka yi tawaye suka kashe Chanoine, washegari suka kashe Voulet. Kaburburansu suna Maijirgi, wata uku bayan Lugu kuma nesa da ita. Mutanen Arewa da dama suna ganin bakin Sarauniya ne ya bi su, suna da ikon ganin haka, amma harsashin na sojojinsu ne.

Ƙaryar da ta fi cin raina ba a shafukan sada zumunta aka haife ta ba. Ita ce wadda aka yaɗa a Faransa, cewa zafin rana ne ya haukata hafsoshi biyu. Voulet da Chanoine sun yi irin wannan ta'asa a ƙasar Mosi a 1896, an san su, aka sake ba su ayari. Bayan mutuwarsu ragowar rundunar ta ci Damagaram ranar 30 ga Yuli 1899, Joalland da Laftanar Meynier, mataimakin Klobb, suka kai Chadi, Faransa kuma ta riƙe duk ƙasar da aka ci da wannan jini. Binciken da aka buɗe an rufe shi a 1902. Takardun suna Aix-en-Provence har yanzu, jikokin mutanen Lugu da Ƙonni kuwa sai sun nemi biza kafin su karanta abin da aka rubuta kan kakanninsu.