Kwanan Daji a Bakin Ruwan Abzin: Abin da Ya Kamata Ku Sani

Samarin Anu Araren da Cirozerin sukan ga hotuna a waya, mutane sun kafa tanti a bakin tafki, wuta na ci, ana gasa kifi, sai sha'awa ta motsa a majalisar shayi: mu ma mu yi karo-karo mu fita kwana biyu. Niyya ce mai kyau, sai dai yankin ba shi da irin wannan tafkin. Anu Araren wurin kwal ne. A 1975 aka kafa kamfanin SONICHAR domin haƙo shi, tashar lantarkinsa ta soma aiki a 1981, tana ba ma'adinan yuraniyom na Arlit wuta, da Agadas da Cirozerin. Ruwan da tashar ke sha ma daga ƙarƙashin ƙasa ake jawo shi. Mai son ya kwana kusa da ruwan da ido ke gani sai ya yi tafiya.

Mafi kusa shi ne Tafadek, inda ruwan zafi ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa, mutane na zuwa daga nesa su yada zango na kwanaki suna wanka saboda sanyin ƙashi da ciwon fata. Ga waɗanda ba su taɓa kwanan daji ba, nan ya fi dacewa, tunda akwai jama'a kuma komawa gida ba wuya. Mai son nisa sai ya nufi Timiya, cikin duwatsun Abzin, fiye da kilomita 200 daga Agadas, garin lambunan lemo da rumman, inda ruwa ke gangarowa daga kan dutse ya taru a gurbi. Tafki na sosai kuwa, mai kifi da masunta, sai an yi kudu zuwa Tabalak a kan hanyar Tawa, wanda aka sa cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2005. Wannan tafiyar yini ce cur.

Duk inda kuka zaɓa, abu ɗaya ya kamata ku riƙe: a Abzin ba a kwana a bakin ruwa. A je a gani, a sha iska, a ɗebi abin buƙata, amma shimfiɗa a yi ta can nesa, a kan tudu.

Babban dalili shi ne korama. Baƙo yakan ga faffaɗan yashi mai laushi, ga inuwar goruba da aduwa a gefe, ba tsakuwa ba ƙaya, ya ce ai nan ne wurin kwana. To, wannan yashin hanyar ruwa ce. Ruwan da ake yi a Agadas a shekara bai taka kara ya karya ba, mafi yawansa daga Yuli zuwa Satumba, amma idan ya sauka a kan dutse ba ya nutsewa, gangarowa yake gaba ɗaya. Ana iya yin ruwa a tsaunin da ba kwa ko hangowa, ku kuna ƙarƙashin taurari, tsakar dare ambaliya ta iso da itace da duwatsu. Mutanen Agadas ba su manta da farkon Satumban 2009 ba, lokacin da koramar Telwa ta ɓalle ta rushe gidaje masu yawa a cikin gari. Idan kun ga tarkacen ciyawa da ƙirare sun maƙale a rassan itace sama da ƙugunku, to nan ruwa ya kai a baya. Ku haura sama da wurin, mota ma kada a bar ta a ƙasa.

Sannan ruwan nan yana da masu shi. Gurbin da kuke wa kallon wurin shaƙatawa, shi ne mashayar awaki da raƙuman wani, wani lokaci ma shi iyalinsa ke sha. Idan kuka tare bakinsa da tanti da kiɗa, dabba ba za ta kusato ba, makiyayiya kuma za ta tsaya nesa da garkenta tana jin nauyin ta yi muku magana. Da dare dila da sauran namun daji su ma nan suke sha. Don haka da isarku ku nemi mai gari ko dattijon zangon da ke kusa, ku gaisa, ku faɗi ko ku su wane ne da kwana nawa za ku yi. Ƙullin ganyen shayi da sukari ya isa gaisuwa. Shi zai nuna muku inda ake sauka, kuma daga lokacin kun zama baƙinsa. Sabulu da omo kada su taɓa gurbin. A ɗebi ruwa a bokiti a yi wanka da wanke-wanke a nesa, bayan gida kuma a ƙara nisa, a tona rami a rufe.

A Tabalak matsalar daban ce: sauro da tsargiya. Ruwan kwance da mutane da dabbobi ke shiga yakan ɗauki ƙwayar tsargiya, wadda ta fata take shiga, sai bayan makonni mutum ya ga jini a fitsari. Gidan sauro ya fi tanti muhimmanci a can, iyo kuma a bar wa masunta. A gurbin dutse irin na Timiya, ruwan ya fi yadda ake zato sanyi da zurfi. Wanda bai iya iyo ba ya tsaya a gefe ko da abokai sun yi masa tsiya, kuma ba a dira daga kan dutse cikin ruwan da ba a ga ƙasansa ba.

Lokacin tafiya daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne. Afrilu zuwa Yuni zafi na wuce digiri 40, damina kuwa kun ji labarinta. Amma hunturun duwatsu ba wasa ba ne, a Disamba da Janairu sanyin asuba kan kusanci daskarar da ruwa. Kowa ya zo da bargo mai kauri da rawani, da tabarma da abin ɗorawa a kanta, domin ta ƙasa sanyi ke shiga jiki. A nan ake yin kuskuren da ke kisa: shigar da kaskon gawayi cikin tanti a rufe. Iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari, mai barci ba ya farkawa ya gudu. Wuta a waje take kwana.

Ruwan sha daga gida ake ɗaukowa. Lita 5 ga kowane mutum a rana don sha da girki, a ƙara na yini guda saboda ko mota ta lalace. Idan dole ta sa a sha na gurbi, a tafasa.

Girki kada ku wahalar da kanku. Shinkafa, taliya, albasa, busasshen tumatir, mai, kilishi, dabino da cuku sun wadatar. Idan da Ba'abzine a cikinku, ku roƙe shi ya yi muku tagella. Zai kwaɓa fulawa da ruwa da ɗan gishiri, ya faɗaɗa ta da tafin hannu, ya ture garwashi gefe, ya shimfiɗa ta a kan yashin da wuta ta gasa, ya rufe da yashi da toka mai zafi. In an jima ya tono ya juya. Idan ta yi sai ya ƙwanƙwasa ta da yatsa, ya kankare tokar da wuƙa, ya ɗauraye, a gutsuttsura cikin miya. Yashi ba ya kama ta in dai hannun ya iya. Itacen wuta kuwa busasshen da ya faɗi ake tsinta. Bishiyar ƙaya a wannan ƙasa tana shekaru kafin ta yi inuwar mutum ɗaya, don haka buhun gawayi ko ƙaramar tukunyar gas daga gida ta fi.

Kunamar Agadas ba irin ta kudu ba ce, akwai mai dafin da ke kashe yaro. Tana kwana ƙarƙashin dutse da cikin takalmi. A kakkaɓe takalmi da bargo kafin a sa, kada a fita da dare ba tocila, kada a ɗaga dutse da hannu. In ta harbi wani, ko maciji ya sare shi, ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaure jijiya da igiya. A kwantar da shi a sa a mota a nufi asibiti, shi ya sa ake tambayar inda asibiti mafi kusa yake tun kafin a sauke kaya.

Batun tsaro ba a ɓoye shi. Tawayen 2007 zuwa 2009 ya sa an dasa nakiyoyi a wasu hanyoyin Abzin, 'yan fashi kuma sukan tare motoci, musamman tun da haƙar zinariya ta buɗe a 2014. Ku tambayi jandarma halin da hanya take ciki a makon da za ku tashi, ku ɗauki ɗan jagora ɗan yankin, ku bi sawun da motoci ke bi, kuma rana ta faɗi kuna zango. Mota biyu ta fi ɗaya, kowace da tayar canji da man da zai kai ya dawo. Layin waya yana yankewa da an bar gari, saboda haka a bar wa wani a gida sunan wurin da ranar dawowa.

Saura rikicin abokai, wanda yawanci a kan kuɗi da wanke tukunya yake tashi. Ku naɗa madugu tun a gida, a tara kuɗin mai da abinci da na ɗan jagora a hannunsa, a ware wani abu na ko-ta-kwana. A raba aiki da suna: wane girki, wane ruwa, wane wuta. Ranar tashi a kashe wutar da ruwa ko a binne ta da yashi, a kwashe gwangwani da batiri da leda cikin buhu a dawo da su gari, domin akuya na cin leda ta toshe mata ciki. Kafin ku hau mota ku koma wurin dattijon da ya sauke ku, ku yi masa sallama.