Layin Wayarka Shi Ne Mabuɗin Dukiyarka

Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar da lambar tantance masu asusun banki ta BVN a 2014. A ƙarshen 2020 kuma gwamnati ta wajabta haɗa kowane layin waya da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN. Da ƙarancin takardun kuɗi ya zo a farkon 2023, har mai shayi da mai kayan miya sai da suka koma karɓar tiransifa. Yanzu sunan mutum da asusunsa na banki da harkokinsa duk sun rataya ne a kan ɗan ƙaramin katin da ke cikin wayarsa. 'Yan damfara sun daɗe da gane haka, mu ne muka makara.

Mai ƙwacen waya, sau da yawa layin yake nema fiye da wayar. Zai zare shi ya sa a wata waya, ya danna lambobin da ake duba BVN da su, sai ga ta a gabansa. Saƙonnin banki da ke shigowa ta layin za su nuna masa inda kake ajiya. Idan lambar sirrinka shekarar haihuwarka ce, ko 1234, aiki ya yi masa sauƙi. Maganin wannan ba ya cin ko sisi. Kowane layi yana da makullin da ake kunnawa a cikin saitin waya, wanda zai riƙa neman lambar sirri duk lokacin da aka sa layin a wata waya. Ka kunna shi. Ka kuma tambayi bankinka lambobin da ake dannawa a kowace waya domin rufe asusu, ka rubuta su ka ajiye a gida. Ranar da waya ta ɓace, ka fara da rufe asusu da layi kafin ka shiga cigiya.

Wani ɓarawon kuma ba ya taɓa wayarka, kiranka kawai zai yi. Zai ambaci cikakken sunanka, ya ce daga banki yake, za a rufe asusunka yau idan ba ka gyara bayananka ba. Wani zai ce sunanka ya fito a cikin masu tallafi ko masu neman aiki. Ƙarshen zancen ɗaya ne: ka karanto masa lambar da aka turo maka yanzu, ko lambobin jikin katinka na ATM. Wannan lambar ta lokaci ɗaya ita ce sa hannunka a kan fitar kuɗin. Banki ba ya tambayar ta, ba ya tambayar lambar sirrin kati, ko a waya ko a saƙo. Duk wanda ya sa ka gaggawa a kan kuɗi, ka kashe kiran ka tafi reshen bankin da ƙafarka.

Haka ake sace WhatsApp. Za a ce an turo maka lambobi 6 bisa kuskure, ko na shiga taron ƙungiya ne. Kana bayarwa an karɓe shafinka, sai a bi 'yan uwanka da sunanka ana neman rance. Manhajar tana da matakin tsaro na biyu, a kunna shi. A wurin mai POS kuwa, ka danna lambarka da hannunka, ka kare ta da ɗaya hannun. 'Yan kasuwa su daina sallamar kaya saboda hoton rasit ko saƙon alat, sai sun ga kuɗin a cikin asusu.

Kwaɗayi mabuɗin wahala. Harkar zuba kuɗi ta MMM ta rufe kuɗin jama'a a Disamba 2016, CBEX ta maimaita irin haka a Afrilu 2025, kuma dukansu da alkawarin riba mai yawa cikin wata guda suka ja mutane. Kafin ka zuba kuɗi a ko'ina, ka bincika ko hukumar kula da hannun jari ta SEC ta yi wa kamfanin rajista.

Ba ɓarawo kaɗai ke raba mutum da bayanansa ba. Ambaliyar da ta biyo bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau a Satumba 2024 ta mamaye unguwanni da dama a Maiduguri, gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016 kuma ta cinye dubban shaguna. A irin wannan iftila'i takardun makaranta da na fili da littafin bashi kan tafi tare da kaya. Ɗan kasuwar da littafinsa ya ƙone, da wace hujja zai bi bashinsa? Ka ɗauki hoton kowace muhimmiyar takarda, ka adana a ma'ajiyar intanet kamar Google Drive da kalmar sirri mai ƙarfi wadda ba ka amfani da ita a wani wuri. Takardun na asali a sa su cikin leda mai hana ruwa, a ajiye kwafinsu a gidan wani amintacce a wata unguwa.

Idan abin ya riga ya faru, kada kunya ta sa ka yi shiru. Ka sanar da bankinka nan take, domin da zarar an rarraba kuɗin zuwa wasu asusun, dawo da shi kan yi wuya. Sannan ka kai ƙara ga 'yan sanda ko EFCC. Akwai dokar laifukan intanet ta 2015 da dokar kare bayanan jama'a ta 2023, amma doka tana zuwa ne bayan ɓarna.

Don haka, mai karatu, ka kulle layinka yau, ka canza lambar sirrin da kowa zai iya canka. Sannan ka zauna da iyayenka da matan gidanka, musamman waɗanda ake karanta wa saƙo, ka gaya musu cewa lambar da aka turo musu ta waya ba a faɗa wa kowa, ko da ya ce daga banki yake.