Tawa ko Maradi? Zaɓin da ke gaban 'yan BAC na Birnin Ƙonni

Motar da ta tashi daga Birnin Ƙonni ta nufi gabas ba ta daɗewa take isa mararrabar Tsarnawa. Hagu hanyar Tawa ce, miƙe kuma sai Galmi, Madawa, har Maradi. Duk shekarar da sakamakon jarrabawar BAC ya fito, ɗaliban Ƙonni da Malbaza da Illela da ba su da halin zaman Yamai sai sun zaɓi ɗaya daga cikin hanyoyin nan biyu.

A takarda, jami'o'in kamar tagwaye ne. Dukansu na gwamnati ne, sun faro a matsayin cibiyoyin koyon fasaha da ake kira IUT, aka mayar da su cikakkun jami'o'i a 2010. Ta Maradi na ɗauke da sunan Dan Dicko Dankoulodo, ta Tawa kuma sunan masanin tarihi Djibo Hamani. Digirin farko shekara uku ne a ko'ina, kuma tallafin karatu daga hukuma ɗaya yake fitowa, wato ANAB.

Shi ya sa iyaye da yawa ke yanke hukunci da nisa kawai. Tawa kimanin kilomita 130 ce daga Ƙonni, Maradi kuwa ta haura 200. Wannan ba ƙaramin dalili ba ne. Idan tallafi ya yi jinkiri, kuma yakan yi, ɗalibin da ke Tawa na iya karɓar ƙunshin gero da ɗan kuɗin cefane ta hannun direban tasha a yini ɗaya. Ga 'ya mace kuwa, samun kawu ko inna da za ta sauka wurinsu ne sau da yawa ke raba gardama.

Amma nisa ba ya koyar da sana'a. Tawa ta yi suna a fannin shari'a, tattalin arziki da gudanar da harkoki. Maradi ce ke da injiniyancin gine-gine, lantarki da kanikanci, ga kimiyya, ga karatun likita. Yaron da ya taso yana kallon kamfanin siminti na Malbaza da burin zama injiniya a ciki, in aka tura shi Tawa don kusa ce, an tura shi inda abin da yake nema babu. Canza fanni daga baya kan ci shekara guda.

Inda zaɓin ke da wuya da gaske shi ne aikin gona, don jami'o'in biyu duk suna koyar da shi. Ɗan manomin albasa daga Galmi ko daga fadamar noman rani ta Ƙonni sai ya tambayi ɗaliban da suka riga shi: ana fita gona gwaji kuwa? Shekarar karatu na ƙarewa a kan kari? Akwai gurbi a ɗakunan kwana?

Sakkwato ta fi su duka kusa, amma da Ingilishi ake karatu a can, kuma rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya sa iyaye da dama ja da baya.