Sakiyar Likita: Maganin Ƙarin Ƙashi Mai Hana Barci

Yau za mu yi magana a kan wani ciwon ƙashi mai tashi da dare, da yadda likitoci su ke kashe shi da zafi ba tare da sun tsaga ƙafa ba.

Ku da ku ke zuwa ɗakin shan magani a Fagam ko Gwaram, ku lura da wannan. Ga yaro ba zazzaɓi, ba rama, bai faɗi ba, bai karye ba, amma kowane dare sai ya farka yana kuka, yana nuna wuri guda a cinya ko a ƙwauri. Da rana ya ji dama-dama. In ya sha maganin ciwon jiki, zafin ya ɗauke kamar an zare ƙaya, an jima kuma ya komo. Haka wata da watanni, har ya soma ɗingishi, ƙafar ta soma sirancewa.

Ɗaya daga cikin abubuwan da ke kawo haka shi ne wani ɗan ƙari da ke tsirowa cikin ƙashi. Likitoci suna ce da shi ostiyod ostiyoma. Wani likitan Amurka, Henry Jaffe, shi ya bayyana shi a 1935. Girmansa kamar ƙwayar gyaɗa ne, ba ya kai inci ɗaya. Ba ciwon daji ba ne, ba ya yaɗuwa cikin jiki, ba a kuwa ɗaukarsa daga wani. Ya fi kama yara da samari, daga shekara 5 zuwa 25, maza sun fi mata, amma manya ma suna samunsa. In ya fito a ƙashin baya, ya kan karkatar da bayan yaro.

A dā sai an yi fiɗa, a sassaƙe ƙashin a cire shi. Da ya ke ƙarami ne, yana da wuyar gani, sai a haɗa da lafiyayyen ƙashi, mutum ya yi makonni yana dogara sanda. A 1992 Likita Daniel Rosenthal da abokan aikinsa a birnin Boston na Amurka suka ba da labarin wata sabuwar dabara.

Ga yadda a ke yi. A kan sa wa majiyyaci maganin barci, a kwantar da shi cikin na'urar hoto mai suna siti, wadda ke nuna ƙashi yanki-yanki. Likita yana duban hoton, ya huda ɗan rami ta fata, ya tura siririyar allura har tsakiyar ƙarin. Sa'an nan a saki lantarki, bakin allurar ya yi zafi har awo 90, watau kusa da tafasar ruwa, wadda ke awo 100. A bar ta kamar minti 6. Ƙarin ya mutu, sauran ƙashi yana nan lafiya. Galibi mutum ya kan koma gida ran nan ko kashegari, zafin dare kuwa ya ɗauke cikin 'yan kwanaki. Cikin mutum 10, wajen 9 su kan warke da yi ɗaya. In ƙarin yana dab da babbar jijiya, likita ya kan zaɓi fiɗa.

To, kada wani ya ce, ai wannan sakiya ce, muna da mai yi a gari. Akwai bambanci. Mai sakiya ba ya ganin cikin ƙashi, ƙarfensa fata da nama kaɗai zai ƙone. Ƙarin yana nan, ga gyambo an ƙara wa yaro, ga hatsarin ciwon sarƙe-haƙora. Maɗori ma ba aikinsa ba ne, domin ba karaya.

Abin da za ku yi ke nan. In ciwon ƙashi ya hana yaro barci har mako biyu, ku kawo shi wurin malamin asibiti, ku faɗi wurin da ke ciwo, da lokacin da ya ke tashi, da maganin da ya sha. Kada ku ba yaro asfirin da kanku. In akwai zazzaɓi, ko kumburi, ko rama, kada ku jira ko kwana ɗaya, gama sikila da ruɓar ƙashi da ciwon daji su ma da zafin ƙashi su ke farawa. Za a ba ku takarda zuwa Asibitin Tarayya na Birnin Kudu domin hoto, in ta kama a tura ku Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Aikin allurar nan sai babban asibiti mai na'urar siti da gwanin likita. Likitan ƙashi shi zai zaɓa muku, ko magani, ko fiɗa, ko allura.

Ku riƙe takardunku da hotunanku da kyau, ku tafi da su duk inda aka tura ku. Allah ya ba mu lafiya. Sai wani mako.