Arewa na cika: abin dubawa kafin a aza tubali a Dogon Dutsi da Tibiri

A ƙidayar jama'a ta 2001, gundumar Dogon Dutsi ta Nijar, wadda a lokacin ta haɗa har da ƙasar Tibiri, tana da mutum kusan dubu 494. A 2011 aka yanke Tibiri ta zama gunduma ta daban. Da aka sake ƙidaya a 2012, Dutsi ta tashi da sama da dubu 372, Tibiri kuma da dubu 270, jimilla fiye da dubu 640. Ke nan cikin shekara 11 Arewa, wato ƙasar Dutsi da Tibiri, ta ƙaru da kusan mutum dubu 150, wajen dubu 13 kowace shekara. In aka ɗauka kowane gida na ɗauke da mutum bakwai, to ana bukatar sababbin gidaje kusan dubu biyu duk shekara, daga Dogon Kiriya da Sukukutan har zuwa Gesheme da Dumega. Kuma wannan lissafin ya kwana biyu, don tun daga lokacin ba a daina aure da suna ba.

Haka abin yake a ƙasar baki ɗaya. Nijar ta tashi daga mutum miliyan 11 a 2001 zuwa miliyan 17 a 2012, yanzu kuma ƙiyasi ya haura miliyan 25. Binciken lafiya na 2012 ya nuna mace ɗaya na haihuwar ƴaƴa 7.6 a matsakaici. Na 2021 ya nuna adadin ya sauko zuwa 6.2. Duk da haka kusan rabin ƴan ƙasa ba su kai shekara 15 ba. Yaran da ke kora awaki yau a Matankari da Kiyeshe, su ne nan da ƴan shekaru za su nemi ɗaki, su nemi gona.

Ƙaruwar jama'a arziki ce, kuma wani sashe nata albarkar rigakafi ne da raguwar mutuwar yara. Sai dai ƙasar noma ba ta ƙaruwa. Gandun da kaka ya bar wa ƴaƴa maza biyar, in kowannensu ya bar wa biyar, ya koma kashi 25, kowa da ɗan abin da bai cika rumbu ba. Da can manomi kan bar gona ta zama saura ta huta ƴan shekaru. Yau ana shuka gero da wake a wuri ɗaya damina bayan damina. Wannan matsi ne ke sa a ci burtali da makiyaya, a wayi gari manomi da makiyayi na gaban sarki. Shi ne kuma ke ƙara tura samari cin rani zuwa Yamai, Sakkwato, Kabi, Legas da Kwatano.

A cikin gida ma ana ganin alamar. Duk ɗan da aka yi wa aure sai an yanka masa wuri a tsakar gida. Yau a tashi turken tumaki a gina ɗakin amarya, gobe a matsar da rumbu, jibi a sare darbejiyar da ake shan inuwa. Kafin a ankara, gidan da aka gina don mutum goma ya ɗauki talatin, da makewayi ɗaya, wani lokaci ma babu. Yara bakwai ko takwas na kwana ɗaki guda mai ƴar taga ɗaya, ita ma an toshe ta da tsumma saboda ƙura.

Likitoci sun daɗe suna gargaɗi a kan irin wannan cunkoso, domin da numfashi ake ɗaukar sanƙarau, ƙyanda da tarin fuka. A 2015 sanƙarau ya kama sama da mutum dubu takwas a Nijar, ya kashe fiye da 500, kuma jihar Doso, inda Dogon Dutsi da Tibiri suke, na cikin wuraren da abin ya fi tsanani. Cutar ta fi tashi a lokacin rani da bazara, sa'ad da iska ta bushe. Taga biyu masu fuskantar juna a kowane ɗaki, da kai yara rigakafi a kan lokaci, ba su da tsada in aka gwada da jinya.

Idan gida ya cika ya batse, sai a fita bayan gari, kuma a nan ne babban haɗarin yake. Yawancin garuruwan Arewa suna cikin kwarin Dallol Mauri ko a gefensa, tsakanin tudun dutse da fadama. Ruwan sama kan zo ne daga Yuni zuwa Satumba, wani lokaci na wata guda ya zuba a dare ɗaya, ya gangaro daga duwatsu da ƙarfi. Magabata sun san hanyarsa, shi ya sa suka kafa tsofaffin unguwanni a kan jigawa. Filin da ya rage da araha yau, sau da yawa, shi ne wanda suka ƙi: bakin tafki, gindin dutse, ko tsakiyar tsohuwar magudana. A watan Maris wurin yakan yi kyau, shimfiɗaɗɗe, busasshe. A watan Agusta ne yake nuna halinsa.

Ginin laka ba ya faɗuwa haka kawai. Ruwa ne ke kwanciya a gindin katanga ya jiƙa tubalin ƙasa, ya riƙa cin sa a hankali har ya yi rami. A sama kuma indararo ya toshe ko ya karye, ruwa ya taru a kan soro, laka ta sha ta yi nauyi, azarar da gara ta ci ta kasa ɗauka. Mafi yawa da dare abin ke faruwa, mutane na barci. A daminar 2024 ambaliya ta shafi sama da mutum miliyan ɗaya da rabi a Nijar, kusan 400 suka rasu, wasu ruwa ya ci su, wasu gini ya danne su. Har sai da aka ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba, don azuzuwa da dama sun rushe, wasu kuma waɗanda suka rasa muhalli ne ke ciki.

Garin Dogon Dutsi, mai mutum kusan dubu 37 a 2012, ya san wannan matsala. Da haɗin gwiwar garin Orsay na Faransa da ƙungiyar RAIL ta Nijar, an yi aikin jera duwatsu da gina shingaye a kan gangaren tuddai don karya ƙarfin ruwa kafin ya shigo gari, an kuma taimaka wa magidanta gina masai a gidajensu. Irin wannan aiki yana amfani ne muddin ba a kwashe duwatsun an kai wurin gini ba, ba a kuma toshe magudana da shara ko sabuwar katanga ba.

Saboda haka mai niyyar sayen fili ya je ya gan shi da damina, bayan an yi ruwa mai yawa. Ya tambayi dattawan unguwa inda ruwa ke bi a shekarar da aka yi babbar ambaliya. In za a gina da laka, a sa harsashi na dutse, a ɗaga daɓen ɗaki sama da tsakar gida, a yi yaɓe kafin ruwan farko, a duba indararo. Wanda ƙarfinsa bai kai ya gina da siminti gaba ɗaya ba, ƴan buhuna a gindin katanga sun fi fenti a fuskar gida amfani.

Sai batun takarda. Yawancin rigimar fili na tasowa ne daga cinikin da aka yi da baki, ko aron gona da jingina da aka yi shekara talatin da ta wuce, shaidu duk sun rasu. Bisa dokar ƙasar noma ta 1993 aka kafa kwamitocin kula da filaye, waɗanda aka fi sani da Kofo, a matakin ƙauye, ƙaramar hukuma da gunduma. Suna ba da takardar shaidar gado, saye, kyauta, aro ko jingina. A cikin gari kuwa, filin da ofishin magajin gari ya yanka yana da takardarsa da lambarsa. Kafin a ba da ko dala, a ga takardar, a tabbatar duk magada sun yarda, har da mata, domin su ma suna da rabonsu.

Masai ma yana da ƙa'ida. A cikin dallol ruwa ba shi da nisa, abin da ya sa lambu ke yi da rani. Amma shi ne kuma ke sa ƙazanta saurin kaiwa rijiya. Masana tsafta na cewa a bar aƙalla mita 30 tsakanin masai da rijiya, masai ya kasance ta gangare. Inda gidaje suka matsu, wannan magana ce ta maƙwabta, don masan wani na iya zama jikin rijiyar wani.

Akwai kuma maganar da ake jin nauyin yi, ta tazarar haihuwa. Ma'aikatan lafiya na ba da shawarar mace ta huta aƙalla shekara biyu kafin wani ciki, wanda ya yi daidai da lokacin shayarwa da aka sani a addini da al'ada. Tun 2006 gwamnati ta ayyana magungunan hutun haihuwa da jinyar yara ƴan ƙasa da shekara biyar a matsayin kyauta a asibitocinta. A jihar Damagaram aka fara makarantar mazaje, inda magidanta ke zama su tattauna lafiyar iyalinsu, daga baya tsarin ya bazu zuwa wasu jihohi. Kusan uku cikin huɗu na ƴan matan Nijar ana aurar da su kafin shekara 18, kuma haihuwa da ƙuruciya na cikin abubuwan da ke jawo doguwar naƙuda da yoyon fitsari. Mai gida da uwargida da ke son bayani za su same shi wurin ungozoma a cibiyar lafiya mafi kusa, a ranar awon ciki ko ta rigakafin yara.