Iskar da ke kai saƙo cikin ƙwaƙwalwa: abin da ɓera ya koya ma likitoci

Cikin hayaƙin da mota da moto ke fitarwa akwai wata iska marar launi wadda masana kimiyya ke rubuta sunanta da baƙaƙe biyu, NO, Faransawa kuma na ce mata monoxyde d'azote. Shekara da shekaru ana lissafa ta cikin dafin da ke gurɓata sararin birane. Yau an tabbata cewa jikin ɗan Adam da kansa yake ƙera ta, har cikin ƙwaƙwalwa da laka. Mafi yawan abin da aka sani game da wannan al'amari kuwa, daga kan ɓera aka karanto shi.

Labarin ya faro ne daga hanyoyin jini. A shekara ta 1980, Robert Furchgott na birnin Niyok ya lura cewa fatar cikin babbar jijiyar jinin zomo na sakin wani abu da ke sa jijiyar ta saki, ta buɗe. A 1987, Louis Ignarro a Amurka da Salvador Moncada a Ingila suka nuna cewa wannan abu NO ne. Shekara guda bayan haka, John Garthwaite na Libaful ya ga ƙwayoyin ƙwaƙwalwar ɓera su ma suna sakin irinsa. A 1990, David Bredt da Solomon Snyder na jami'ar Johns Hopkins suka tace anzim ɗin da ke ƙera iskar daga ƙaramar ƙwaƙwalwa ta ƙeyar ɓera.

Manzo marar adireshi

Abin da ya ɗaure ma masana kai shi ne yadda wannan manzo ke aiki. A al'ada, ƙwayar jijiya tana tanadin saƙonta cikin ƴan ƙananan jakunkuna, ta miƙa shi ga maƙwabciyarta ta wata ƙofa sananniya, kamar takardar da ke fita daga biro zuwa biro da sunan mai karɓa. NO ba ta da ma'aji. Sai alli, wato kalsiyom, ya kwararo cikin ƙwayar, sannan anzim ya ƙera ta nan take daga wani sinadari mai suna arjinin. Daga nan ta ratsa bango ta kowace fuska, kamar ƙamshin turaren wuta cikin gida, duk wanda ke kusa ya samu rabonsa. Cikin ƴan sakan ta ɓace.

To, ta yaya za a gane ƙwayoyin da ke yin abin da ba ya tsayawa a gan shi? Amsar ta fito daga wani tsohon rini. Tun 1961 aka san cewa in an yanka ƙwaƙwalwa siriri-siriri aka jiƙa ta da wannan rini, wasu ƙwayoyi ƙalilan kan rine shuɗi, da su da rassansu duka, sauran su tsaya fari. Shekara talatin ba a san dalili ba. A 1991 aka gano cewa abin da ke kama rinin shi ne anzim ɗin NO. A 1992, Steven Vincent na Kanada da Hiroshi Kimura na Japon suka fito da taswirar waɗannan ƙwayoyi cikin ƙwaƙwalwar ɓera, sashe bayan sashe.

Taswirar ta nuna rabon da ba daidai ba. Cikin ɓawon ƙwaƙwalwa, inda tunani ke gudana, ba su wuce ɗaya zuwa biyu cikin ɗari ba, amma rassansu sun bazu ko'ina, wasu ma suna manne da ƙananan hanyoyin jini. Cikin ƙwaƙwalwar ƙeya, mai kula da daidaiton tafiya da motsi, suna da yawa ƙwarai. Cikin laka kuwa, wurare uku suka fi taruwa: gefen baya, inda saƙon zafi da raɗaɗi ke shigowa daga fata, kewayen ƴar kafar da ke tsakiya, da kuma gefen da jijiyoyin da ke sarrafa zuciya da hanyoyin jini ke fitowa. Gwaje-gwaje sun nuna cewa in aka hana ƙera NO cikin lakar ɓeran da ya ji rauni, tsananin jin ciwonsa yakan ragu.

Zuma ga zaƙi ga harbi

Inda maganar ta shafi kowane gida shi ne shanyewar rabin jiki, wadda sau da yawa hawan jini, tansiyo, ke jawowa. Idan jini ya yanke ma wani yanki na ƙwaƙwalwa, alli yakan cika ƙwayoyin, su yi ta zubo NO babu ƙaƙƙautawa, har manzon ya zama makashi. A 1991, Valina da Ted Dawson suka nuna haka a kan ƙwayoyin ɓera da aka rena cikin labo. A 1994, a birnin Boston, aka ga cewa kusun da aka cire ma wannan anzim na jijiya, ɓarnar da ke samun ƙwaƙwalwarsa ba ta kai ta sauran ba. Abin mamaki, ƙwayoyin da ke sakin iskar sun fi maƙwabtansu jure ma irin wannan bala'i.

Sai dai magani bai zo da sauƙi ba. Wanda ya toshe NO baki ɗaya ya toshe har da ta hanyoyin jini, wadda ke buɗe su. Jini ya hau, ɓarna ta ƙaru. Saboda haka aka nemi maganin da zai raba anzim na jijiya da abin da ke zuga shi kaɗai. Ɗaya daga ciki, nerinetide, ya yi aiki a kan ɓeraye da birai, amma babban gwajin da aka bayyana a 2020 bai nuna amfani ga jimillar marasa lafiya ba.

Duk da haka wahalar ba ta tafi banza ba. A 1998, Furchgott da Ignarro da Ferid Murad suka samu kyautar Nobel, kuma ta hanyar NO aka fahimci yadda maganin ciwon zuciya na nitirogiliserin ke aiki, da maganin Viagra da ya fito a wannan shekara. Kafin likitoci su samu abin kare ƙwaƙwalwa bayan jini ya yanke, makamin da ke hannu shi ne auna tansiyo a kai a kai, da shan magani yadda aka rubuta.